Matar da ke Bakin Gaɓa

Auta ce ta sayo zanen a wurin mai gwanjo. Tsohon zane ne na ratayewa a bango, hoton wani birni a bakin teku: jiragen ruwa sun jeru, 'yan dako na ɗauke da buhuna, masu kifi na ciniki. Can gefe kuma wata mace ce tsaye ita kaɗai, ta juya wa kasuwar baya.

Tunda yayyenta suka watse, gidan ya rage daga Auta sai mahaifiyarta, tela, wadda kekenta ba ya hutawa. Kullum da yamma Auta takan zauna gaban zanen, tana bin igiyoyin jiragen da ido. Wata rana dab da magariba ta dubi matar da ke cikin zanen, ta ce a hankali, "Baiwar Allah, wa kike jira?"

Labule ya motsa, alhali babu iska.

Daga ranar tsakuwoyi suka fara sauka a kan kwanon rufi, jiƙaƙƙu, masu warin gishiri. Ana jin hayaniyar masu ciniki a cikin bango. Auta ta daina cin abinci, ta daina amsa sunanta. Tsayawa kawai take yi, ta juya wa uwarta baya.

Kawunta ya kawo malami. Malam ya zauna, ya daɗe yana karatu, har murya ta fito daga bakin yarinyar, dusasshiya, ta tsohuwa.

"Ba ni na zo ba, Malam. Ita ta yi min magana."

Malam ya ce tambaya ba gayyata ba ce. Ta fita, ko a ƙone zanen.

"Gida nawa na zauna, kowa jirage yake kallo. Ita kaɗai ta gan ni. Ita ma wa ke ganinta a nan? Ku bar min ita, mu tsaya tare."

Uwar ta sunkuyar da kai.

Malam ya ƙi. Aka yi ta ja, har tsohuwar ta yarda za ta tafi idan ba za a ƙone birninta ba, a rataye shi inda mutane ke wucewa. Kawu ya ce akwai shagon aski a bakin titi, surutu har sai ta gaji.

Auta ta yi atishawa, ta sulale ƙasa. Da ta buɗe ido, bango ta fara duba. Ƙusa ce kawai.

Uwar ta rufe keken ɗinkin da ƙyalle, ta zo ta zauna kusa da ita.

"Auta," ta ce, "ba ni labarin jiragen nan. Ban taɓa tsayawa na kalle su ba."