Wankin Wuƙaƙen Purvis

"Hannu sama, tsoho! Kada ka motsa!"

Tsakar rana ce, kantin Purvis Tate ba kowa sai shi. Wani ɗan fashi mai suna Delbert ya ɗora masa bakin bindiga a goshi. Royce, ƙaton da ke bin Delbert tun suna yara, ya haure kanta ya finciko wata jakar fata a naɗe.

"Ku ɗauki komai," in ji Purvis. "Amma don Allah kada ku taɓa jikinsu da hannu."

"Rufe mana baki, Baba! Royce, mu fece!"

Direbarsu, wata mata mai suna Wanda, na bakin titi, injin mota na ruri. Ƙofofi suka rufe — fuuu! — sai hayaƙi.

Duk mu mutanen wannan lungu na jihar Tennessee a Amurka mun san jakar nan. Wuƙaƙen aljihu ne na samfur, irin waɗanda wakilin kamfani kan zaga kantuna da su zamanin kakanninmu. Ba a taɓa sayar da su ba, ba su taɓa yanka ko zare ba.

Da 'yar sanda Odom ta iso, ta tarar da tsohon zaune a ƙasa.

"Sun ji maka ciwo, Baba?"

"Tawadar, 'yata! Tawadar nake jiye wa tsoro."

"Wace tawada kuma?"

"Kowace akwai lamba a bayan ƙarfenta, da hannu aka rubuta. Da ita ake gane ta gaske ce. Bakinsu kuma bai taɓa ganin dutsen washi ba. In waɗannan suka tafi, shi ke nan."

A wani kangon gida bayan gari, Delbert ya fita neman mai saye, ya ce Royce ya kula da kaya. Royce kuwa mutum ne mai tsafta. Ya warware jaka, ya yatsina fuska.

"Kai! Dubi datti. Wanda, waye zai sayi kaya duk an yi musu zane?"

Wanda ta dube shi, ita dai ta san darajar lambobin.

"Gyara abinka, mutumina," ta ce. Da ya juya neman soson ƙarfe, ta zare guda ta tura a safa.

Royce ya zauna ya dirje su ɗaya bayan ɗaya. Ya wasa su har suna aske gashin hannu. Yana ta fito da baki.

Da yamma Delbert ya dawo da wani dillali mai suna Hensley. Mutumin ya maƙala gilashi a ido, ya buɗe ta farko, ya juya bayanta. Ya buɗe ta biyu. Ya ajiye.

"Ina lambobin?"

"Na wanke, oga," in ji Royce, yana washe baki. "Kyauta ma."

"To ku kai kasuwar gwanjo. Ko masu fere dankali sa taimaka muku."

Delbert ya zaro bindiga. Tau! Royce ya zube riƙe da gwiwa, yana ihu. Hensley ya dira ta taga.

"Wanda! Tada mota!"

Babu Wanda, babu mota. Tana can kan babbar hanya, ta riga ta buga wa 'yan sanda waya ta kwatanta musu gidan tsaf. Jiniya ta karaɗe dajin.

Delbert ya tsufa a kurkuku. Royce bai ƙara taka ƙafar nan daidai ba. Wanda kuwa an cafke ta a wani baje-kolin wuƙaƙe a jihar Kentucky, domin mutumin farko da ta nuna wa ya gane rubutun lambar.

Ranar da aka kira Purvis ya shaida kayansa, Royce na gefe a keken guragu, da ankwa a hannu. Tsohon ya daɗe yana jujjuya wuƙaƙen, hawaye na ɗiga a kan tebur.

"Baba," in ji Royce a hankali, "amma tsakani da Allah, ba su yi kyau ba?"

Purvis ya goge ido ya dube shi.

"Sun yi kyau, ɗana. Da ka harbe ni kawai, da ya fi mini."