Dagin Ɗan Azumi

Tsofaffin Damargu, in hira ta kai su shekarar da gwamna ya kwashe kayansa daga Damagaram ya koma Yamai, sai sun ambaci Ɗan Azumi sun yi tsaki. A bakinsu na ji, ban kuma ƙara gishiri ba.

Ɗan Azumi mutumin Tanut ne. Tun yana saurayi sana'arsa ɗaure wa raƙuman ayari kaya, shi da amininsa Ila. Amma tun da fatake suka gane jirgin ƙasan Kano ayari ya yi ta raguwa, har zango ya zama kufai. Waɗanda suka tafi Damagaram neman leburanci suka dawo ba ko anini, don tashin gwamna ya kashe aikin can ma. Damina kuma ta zo gajeriya. Majiya ƙarfi suka cika gindin bishiyoyi suna kallon juna.

Da abin ya tsananta, kumandan na bariki, baturen mulki, ya sa aka yi shela: za a buɗe aikin hanya da haƙar rijiyoyi, duk wanda ya yini yana aiki za a auna masa tiyar gero ya kai gida. Wanda kuma ya fi ƙwazo za a naɗa shi sarkin aiki, ya riƙe mutane, ya riƙe rumbun geron.

Ila ya yi hamdala. Ɗan Azumi ya ce, "Kai tiya ta ishe ka. Ni na gaji da ɗaukar kayan wani. Rumbun nake so."

A dajin Falanko akwai wani boka, Gajere, tsohon mahaƙin rijiya. Ɗan Azumi ya isa wurinsa da rana tsaka, lokacin da ko makiyayi ba ya son ratsa daji. Bukkarsa a bakin wata matacciyar rijiya take, an lulluɓe ta da busassun fatun raƙuma. A ciki ba layu ba ƙwarya, sai dagi guda, irin ƙarfen da ake haƙa da shi, tsaye a tsakiyar ɗaki ba abin da ya tokare shi. An naɗe shi da tsumma baƙi. Ƙasar da ke kewaye da shi a tone take, ɗanya, tana warin jini da laka.

Gajere bai amsa sallama ba. Ya ce, "Dukiya ka zo nema."

"Ita ce, Baba."

"Ba ni da dukiya. Lebura gare ni. Ba ya cin gero, ba ya barci, ba ya ciwon baya. Abin da gari guda zai haƙa, shi kaɗai ya gama."

"Me zan biya?"

"Ni ba na son kome. Shi kuma aiki yake ci. Kada ka bar shi da yunwa."

Ɗan Azumi ya ce, "In aikin ya ƙare fa?"

Gajere ya dube shi. "Aiki yana ƙarewa a gidan da ke da hannuwa? Je ka kawo mini ruwan da mutanen gidanka suka wanke hannu bayan cin tuwo. Na kowa da kowa. Da shi zai san gida."

Ɗan Azumi ya koma. Matarsa Kaltuma ta wanke hannu a ƙwarya, ɗansa Sidi, wanda ya isa aure, ya wanke, 'yarsa Fatu ta wanke. Shi kuwa, da wayonsa, sai ya goge nasa a yashi. Ya ɗura ruwan a gora ya kai.

Gajere ya shinshina bakin gorar. "Akwai hannun da babu."

"Duka ne."

"Kai ka sani."

Ya yanka baƙin bunsuru ya shafe dagin da jinin, sa'an nan ya tsiyaya ruwan a kansa. Ko ɗigo bai kai ƙasa ba, ƙarfen ya shanye. Da Ɗan Azumi ya ɗauka sai ya ji shi da ɗumi kamar jikin mutum.

Ya binne dagin a ramin da aka ba ƙungiyarsu. Da gari ya waye, ramin da suka bari iya gwiwa ya shanye tsayin mutum. Kafin sauran su fasa dutse su sun cimma ruwa. Kumandan ya zo bisa doki ya leƙa, ya ce ta bakin tafinta ga sarkin aiki.

Daga nan Ɗan Azumi ya ga abin da zai yi. Tun da aiki na tafiya da kansa, me za a yi da tarin mutane? Ya dinga sallamarsu, wannan ya ce rago ne, wancan ya ce ya tsufa. A bariki kuwa ana ganin hanya na miƙewa, ana ci gaba da turo geron mutum ɗari-ɗari, shi yana karkatar da shi gidansa. Gwamnati ta buɗe aikin don masu yunwa su ci, sai ga shi ƙarfe ne ke yi, mutum ɗaya ke ci.

Ran da ya sallami Ila, Ila ya tsaya da kwandonsa a hannu. "Ɗan Azumi, ni ma? Yarana tun jiya tafasa suke ci."

"Aiki ya ragu, Ila. Ba ni na rage shi ba."

"Wa ke haƙa ramukan nan in mun tashi?"

Ɗan Azumi ya juya masa baya. Kafin wata ya mutu Ila ya binne ƙaramar 'yarsa, ya kwashi sauran ya yi kudu. Ba gidansa kaɗai aka yi makoki ba a ranin nan.

Shi kuwa Ɗan Azumi ya yi rumbuna, ya sayi shanu a hannun Fulani da raƙuma a hannun Buzaye da ɗan abin da bai kai ya kawo ba, don kowa na neman hatsi. Ya kewaye gida da katanga. Maroƙa suka koyi sunansa.

Sai ruwa ya sauka. Umarni ya zo daga Yamai cewa a rufe aikin, kowa ya koma gona. Ɗan Azumi ya tono dagin ya kai gida. Ya sa shi haƙar rijiyar garke, ya gama. Ya sa shi tone kututturan gona, ya gama. Abin da zai ba shi ya ƙare.

Wata safiya aka ga Sidi yana haƙa a tsakar gida. Uwarsa ta ce, "Sidi, me kake nema?"

Ya ce, "Inna, ban sani ba. Hannuna ne ya ƙi tsayawa."

Hankalinsa sarai, yana kuka yana haƙa. Maza suka danne shi suka ɗaure, ya goge igiyar har ta ci naman hannunsa ta tsinke, ya koma ramin. Aka ƙwace masa fartanya, ya ci gaba da farce.

Ɗan Azumi ya ɗauki dagin ya ruga Falanko. Ya tarar da Gajere a inuwar aduwa yana shan fura, ya yi ƙiba.

"Baba, karɓi abinka. In shanu kake so, ka ɗauka duka."

"Ba nawa ba ne yanzu. Ka ga ramukan can bayan bukka? 'Ya'yana ne a ciki. Shekara da shekaru ina jiran mai kwaɗayin da zan sauke wa."

"To, ya kama ni, ya saki yaron."

"Bai san hannunka ba. Kai ka hana shi."

Ɗan Azumi ya jefa dagin cikin matacciyar rijiyar ya juyo. Ya iso gida ya tarar da dagin tsaye a zaure, ramin kuma ya rufta da Sidi.

Ba a share makoki ba Kaltuma ta ɗauki taɓarya. Ta buɗe rumbu ta yi ta daka, ta zubar ta ɗebo wani. Maƙwabta suna jin lugudenta daga asuba zuwa asuba. Tafin hannunta ya fashe, garin geron ya koma ja, ko kare bai lasa ba. Malamai suka zo suka yi abin da za su iya, shanu suka tafi a sadaka, raƙuma suka bi su. Da rumbu na ƙarshe ya ƙare ta ci gaba da dakan turmi ba kome a ciki, har ta kife a kansa.

Fatu kuma igiya ta kama tufka. Da kaba ta ƙare ta yage zanenta, da zanen ya ƙare ta koma gashin kanta. Wata rana ta fice tana murza yatsu a iska, ta nufi arewa. Makiyaya sun ce sun gan ta wajen Belbeji. Daga nan ba labari.

Gawar Kaltuma ta yini ba wanda ya yarda ya kama fartanya a gidan. Ila, wanda ya dawo don noma, shi ya zo ya haƙa kabarin shi kaɗai. Da aka rufe ta Ɗan Azumi ya kama gefen rigarsa. "Ila, ka yafe mini."

Ila ya zare rigarsa. "Don ita na yi. Ta taɓa ba yarana fura a ɓoye. Kai kuwa, ka je ka tambayi 'yata."

Ɗan Azumi ya yi tsawon rai, kuma ko rana ɗaya hankalinsa bai gushe ba. Ya roƙi hauka bai samu ba. Katangar ta zube a kansa kaɗan-kaɗan, ba mai sayen gidan, ba mai shiga, ba mai ba shi ko aikin ɗaukar itace.

To, kai da aka damƙa wa abincin masu yunwa, ka ji. Boka ba ya ba da kyauta, kaya yake saukewa. Kuma geron da ka hana ɗan wani, ba kai za ka fara biyansa ba, 'ya'yanka ne, kana zaune kana kallo.