Wanda Ya Kashe Ni A Cikin Inji

Ranar Litinin aka gaya mini na mutu.

A asibitin ido ne. Shekara biyu ina layin masu jiran a cire musu yana, aka ce Alhamis ce ranata. Na je karɓar takardar gado, yarinyar da ke kan kwamfuta ta buga lambar katina, ta sake bugawa. Da ta buɗe baki sai ta yi mini ta'aziyya. Wai mai wannan kati ta rasu sati uku da suka wuce, an cire sunanta. In ba a gyara daga ofishin rajista kafin ƙarfe huɗun Laraba ba, gadon ya zama na wani.

Na ce to wa ke tsaye a gabanki? Ta ce ita dai abin da inji ya faɗa ta faɗa.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina wanki da guga a otal, ban taɓa ƙona rigar kowa ba. Jikata watanta takwas, na san nauyinta, na san ƙanshin kanta, ban san fuskarta ba. Duniya ta daɗe da zame mini kamar ina leƙenta ta cikin ruwan sabulu, mutane inuwa, fitila kamar wata ya narke a baho. Na haƙura don an ce mini Alhamis.

Ban koma gida ba, caji ofis na nufa.

Sajan da ke zaune a bakin kanta ya ce me ya faru, na ce kisan kai. Ya jawo littafi ya ce ina gawar, na ce ga ta tana yi maka magana. Dariyarsa ce ta fito da Sufeto daga ciki, wata doguwar inuwa mai tafiya a hankali kamar tana tausayin ƙasa. Shi bai yi dariya ba. Ya ba ni kujera.

"Mama, kina da gida ko fili da wani zai gada?"

"Dutsen guga biyu gare ni, ɗayan ma ba ya zafi."

"Akwai wanda kuka yi faɗa da shi?"

"Kowa. Amma ba wanda ya iya kwamfuta a cikinsu."

"Kin taɓa ɓatar da kati?"

Na ce bara, a ofishin rajistar ma ya faɗi, suka ba ni wani mai lamba ɗaya da shi. Na ji alƙalaminsa ya tsaya, sannan ya ci gaba. Ya ce in je gida in huta zai neme ni. Na ce matacce ba shi da gida, ƙafata ƙafar Sufeto.

Da safiyar Talata muka shiga ofishin rajistar. Dogon zaure ne mai tagogi shida, kowace da akawunta. Haske na zubowa daga sama fari fat, mutane na ta shawagi a cikinsa ba na jin takunsu. Sai da na mintsini hannuna, don na fara tunanin ko yarinyar nan gaskiya ta faɗa.

Akawun taga ta uku shi ke karɓar rahoton mutuwa. Kafin Sufeto ya rufe baki ya ce ya tuna, dangin marigayiya ne suka zo, maza biyu, har da kuka.

"Ga marigayiyar nan," in ji Sufeto. "'Ya ɗaya gare ta, mace. Kawo takardar likita da suka ba ka."

Ya buɗe fayil ya rufe, ya ja durowa ya mayar.  Daga ƙarshe ya ce wataƙila ya haɗa ni da wata ne. Babu takarda, babu sa hannu, babu sunana a littafin da ake rubutawa da hannu. A inji kaɗai na mutu.

Aka sauke mu ƙasa wurin wata mata da ma'aikata ke kira Uwar Inji. Muryarta ta kusa tawa tsufa, tana warin man zafi. Ita ta fara ce mini sannu a ginin nan kaf.

Ta yi wa Sufeto bayani, ni ma na kasa kunne. Ashe inji biyu ne. Akwai sabo a gaba, shi akawu ke bugawa, mai fara'a ne amma ba ya yanke komai. Akwai tsoho a baya, shi ke yanke haihuwa da aure da mutuwa, in ya ce ya karɓa an gama, nan take zai sanar da asibiti da ko'ina. Su biyun ba sa jin maganar juna, shi ya sa aka ɗauko wani injiniya daga waje ya haɗa musu mahaɗi, su suna ce masa kanekta. Rubuta masa ake yi: ga adireshin da za ka, ga lambar ƙofar da za ka ƙwanƙwasa, ga sunan da za ka faɗa a buɗe maka.

Na ce ashe ɗan aike ne. Ta ce shi ke nan kin gane.

"To wa ya aike shi da mutuwar Mama?" in ji Sufeto.

Ta buga ta duba. Ta ce tsohon inji bai san sunan kowa ba sai na mahaɗin, duk wanda ya biyo ta cikinsa rigarsa yake sawa. Amma lokaci yana nan: Juma'a, ƙarfe ɗaya da minti goma.

"Yaushe tagogi suka fara aiki da shi?"

"Litinin ɗin da ta biyo baya."

Sufeto ya kaɗa alƙalami a tafin hannu. Na ce ita ta tashe ni mana tunda injin nata ne. Ta ce tsohon inji ba a yi masa hanyar dawo da matacce don mutum ɗaya ya ga dama ba. Sai wanda ya shigar ya rubuta da hannunsa cewa shi ne kuma ƙarya ce, ita ta sa nata hannun a ƙasa. In ba haka ba sai kotu, kotu kuwa wata shida ne in an yi sa'a.

Injiniyan bai zo ba sai Laraba da azahar. Turarensa ya riga shi shigowa. Muryarsa sumul, kamar rigar da aka sa wa sitaci. Ya gaishe ni har da rusunawa, ya ce abin ya taɓa masa zuciya.

"Ina kake ranar Juma'ar da ƙarfe ɗaya?" in ji Sufeto.

"Nan, ranka ya daɗe. Gwaji nake yi."

"Gwajin me?"

"Haihuwa, aure, mutuwa, duka. Amma a injin gwaji."

Ya ce tsohon inji yana da ɗan tagwai, kamarsu ɗaya, sai dai mutanen da ke cikinsa na ƙarya ne. A can yakan kashe mutum ɗari da rana, da safe a goge su tashi sarai. Ya ce mahaɗinsa bai taɓa ƙwanƙwasa ƙofar na gaske ba sai Litinin. Ya miƙa takarda mai hatimi, wai an gwada ranar Juma'a komai lafiya.

Na zauna ina tunanin garin nan na ƙarya, inda ake mutuwa da rana a tashi da safe. Har na ji ina sha'awarsa.

Sufeto ya ce yana son ganin tagwayen da idonsa. Aka ce baƙi ba sa shiga, na ce ni ba baƙuwa ba ce, a ciki aka binne ni.

Ɗakin sanyi gare shi kamar gindin rijiya. Wani gunji na tashi ƙasa-ƙasa, irin na kogi daga nesa. Ƙananan fitilu kore da ja suna iyo a gabana, suna kusantowa suna janyewa, na rasa sama na rasa ƙasa. Na miƙa hannu in dafa, na dafa wani dogon akwatin ƙarfe. Da ɗumi, yana rawa a hankali kamar ƙirjin jariri mai barci. Na matsa na dafa na kusa da shi, sanyi ƙalau.

Wanda ya yi guga shekara talatin ya san ƙarfen da aka kashe ɗazu, ya san wanda ya daɗe bai ga wuta ba. Wannan ya daɗe. Har ƙura ta kama mini yatsu.

"Wannan fa na wane ne?" na ce. "Shi ma kashe shi aka yi kamar ni?"

 Sufeto ya maimaita tambayar, shi da murya ta hukuma.

Uwar Inji ta ce na gwaji ne. Wata ɗaya da rabi ke nan da ƙonewarsa, ana jiran kayan gyara. Manaja ne ya ce kowa ya kama bakinsa har a ƙaddamar da sabon tsari, ita kuma saura wata huɗu ta yi ritaya. 

"Injiniya," in ji Sufeto, "a kan me ka yi gwajin Juma'a?"

Ya fara kame-kame, wai akwai wata hanya, wai abin fasaha ne mai wuyar bayani. Sufeto ya ce ba ya sauri. Ni kuwa ina sauri, don na ji agogon zaure ya buga uku.

Muka koma teburin Uwar Inji. Sufeto ya tambaya ko rubutun nan da ake yi wa mahaɗi yana barin sawu in an canja shi. Ta ce duk sanda aka taɓa shi sai ya ajiye tsohon a gefe da lokacinsa. Ta karanta a fili. Juma'a, ɗaya saura minti biyar, an cire lambar ƙofar gwaji an sa ta gaske. Ɗaya da rabi, an mayar. Mabuɗin wurin mutum ɗaya ke riƙe da shi a wannan satin: Injiniya.

"Injin gaske yana karɓar lambar katin ƙarya?" in ji Sufeto.

"Ba ya karɓa. Sai ta mutum mai rai."

Sufeto ya sa aka sauko da akawun taga ta uku. Bai ɗaga masa murya ba, tambayarsa kawai ya yi ina ake ajiye katunan da jama'a suka yar. Akawu ya ce a durowarsa. Sai ya fashe da kuka kamar ba magidanci ba, ya ce Injiniya ne ya zo ya zazzage durowar ya zaɓi uku, ya ce aro ne na minti goma. Da ya ji an zo da maganar mutuwa sai ya tsorata ya ƙirƙiro 'yan'uwa.

Turaren nan duk ya koma warin gumi. Kujera ta yi ƙara, Injiniya ya zauna.

Ya ce ranar Juma'ar ce wa'adinsa, in bai nuna mahaɗin yana aiki ba za a ƙwace aikin a ba wani kamfani. Ya ce ya yi niyyar gogewa, sai da ya aika ya gane na gaske ba ya gogewa.

"Me ya sa waɗannan ukun?" in ji Sufeto.

"Shekarar haihuwa na duba. Na ɗebi mafi tsufa."

"Don me?"

"Na ɗauka sun riga sun tafi, rahoto ne ba a kawo ba."

Na tashi tsaye. Ban yi ihu ba, ban da ƙarfinsa.

"Kai yaro, uwarka tana da rai?"

"Tana nan, Mama."

"Shekarunta nawa?"



Uwar Inji ta ajiye takardu uku a gabansa. Ya ce ba zai sa hannu ba sai lauyansa ya zo, lauyan kuma sai gobe. Uku da rabi ta wuce. Na ji gadona yana tafiya, fari, a hankali, kamar kwale-kwalen da aka kwance.

"Hakkinka ne," in ji Sufeto. "Ka sa ko kar ka sa, tare za mu tafi. Abin da ya rage shi ne abin da zan gaya wa alƙali: ko ka tashe su da hannunka, ko kana kallon agogo tsohuwa ta rasa idonta."

 Can na ji alƙalami a kan takarda, sau uku.

Uwar Inji ta sa nata, ta buga, ta jira. Ta ce ya karɓa. Sufeto ya kira asibiti da wayarsa ya kara mini a kunne. Muryar yarinyar nan ce. Ta ce sunana ya dawo, in zo gobe ƙarfe bakwai, kar in ci komai.

Manajan da ya ce a kama baki har yau bai fito ya ce mini sannu ba. Sauran tsofaffi biyun kuwa ba wanda ya san me suka rasa a sati ukun da suka yi a mace. Na gaya wa Sufeto ba a gama ba, ya ce ya sani, ya rubuta.

Aka sa wa Injiniya ankwa. Da za a wuce da shi ta gabana na ce a tsaya. Na matso har ina jin numfashinsa, na buɗe ido iya buɗewa. Inuwa ce kawai, mai farar kwala.

"Ba na ganinka," na ce. "Ka riƙe mini fuskar nan da kyau. Ranar kotu zan zo in karɓa."

Sufeto ya kama shi a gwiwar hannu, suka hau matakala.