Tukunya Mai Tambari Biyu

A wani gari can da daɗewa, an yi wata maginiya wadda tukwanenta ke fashewa a wuta. Ta haɗa yumɓu da yashi, suka fashe. Ta haɗa da toka, suka fashe. Da ta daka tsingaro ta zuba, sai tukunya ta fito lafiya lau.

Shugabar magina ta ce mata, "Baiwar Allah, bayyana haɗin nan a gaban kowa. Duk mai son aiki da shi sai ta nemi izininki, ta sa tambarinki a gindin tukunya."

Ƙanwarta ta ce, "Yaya, kada ki kuskura! Za su fi ki."

Ta ce, "Su fi ni mana! Da shi zan shiga kabari?" Ta tara mata magina, ta nuna musu.

Bayan ta tsufa, ta ɗaga wata tukunya a kasuwa, ta ji ba nauyi. Ta juya gindin, ga tambarinta, ga wani sabo a gefensa.

Mai sayarwa ta ce, "Iya, na farkon na wadda ta koya mana ne, na biyun kuma nawa."

Tsohuwa ta ƙwanƙwasa tukunyar, ta yi dariya. "Wallahi kun fi ta. Ba ni biyu."