Shayin Asabar a Falon Tela

Ranar da Dogo ya fara shigowa falon, Auta na tsaye da butar shayi a hannu. Sai da ya sunkuyar da kai kafin ya wuce ƙofa. Idanunsa jajur, kamar wanda ya sha kuka. Har ta buɗe baki za ta ce lafiya, sai ta tuna dokar da ita da kanta ta kafa, ta haɗiye maganar.

Duk Asabar da la'asar Auta kan haɗa shayi a falon mahaifinta, wanda kowa ke kira Tela. Ta fara ne bayan rasuwar mahaifiyarta, lokacin da gidan ya yi tsit, ba ka jin komai sai keken ɗinki. Yayyenta duk sun yi aure sun yi nisa. Ita kuma kullum takan dawo daga kantin da take aiki da kumburarrun ƙafafu. Sai ta fito da kofunan marigayiya, ta gayyaci maƙwabta, manya masu gajiya irinta. Dokar wurin ba ta da yawa: waya a kwando, ba a maganar aiki, ba a tambayar kowa abin da ke damunsa. A sha, a yi hira, wanda barci ya ɗauke a ƙyale shi.

Anti Nas, maƙwabciyarsu, ita ta jawo shi. "Ɗan hayarmu ne," in ji ta. "Kullum yana dawowa kamar an yi masa dukan taro. Ba shi mai citta."

"Sukari fa?" Auta ta tambaye shi.

"Yadda kika ga dama."

"A nan kowa da bakinsa."

Ya yi murmushi. "To, a cika. Yau ina bukata."

Kofin ya ɓace a cikin tafin hannunsa mai tabon ƙuna. Kafin ya shanye, barci ya kwashe shi. Kuma a kujerar Tela ya zauna, wadda ba mai zama a kanta. Tela ya fito daga ɗakin ɗinki, ya dube shi tun daga kai har ƙafa, ya jawo kujerar roba ya zauna.

Washegari saƙo ya shigo wayarta.

"Salamu alaikum. Dogon da ya yi barci a kujerar Baba ne. A yafe mini."

"An yafe. Amma ka yi minshari, Anti Nas ce shaida."

"Sharri ne. Zan dawo in wanke kaina."

Ya dawo, kuma bai sake fashi ba. Shi ke zuwa da biskit, shi ke tsayawa wanke kofuna. Ba a daɗe ba ya raɗa mata suna Sanyina. In ta kira shi ta ce yaya aiki, sai ya ce, "Doka ta hana, ranki ya daɗe." Ita kuma ta yi ta dariya, tana jin daɗi wai ga mutum ɗaya da ya ɗauki maganarta da nauyi. Ta san walda yake yi, hannunsa ya gaya mata. A ina yake yi, bai faɗa ba, ba ta tambaya ba.

Da ya je wa Tela da maganar aure, Tela bai ma ajiye almakashi ba.

"Yaro, ban san ka ba. Na san minsharinka, na san yawan sukarinka. Bayan wannan fa? Mutum ya zo hutawa a falona, sai kuma ya ce zai tafi da mai falon?"

Da Auta ta zo ba shi haƙuri, cewa ya yi, "Mamana, ga Mai Kemis nan. Shagonsa a bakin layi, gidansa a bayanmu. Me ya rasa?"

Mai Kemis bai rasa komai ba, mutumin kirki ne daidai gwargwado, ya kuma daɗe yana son ta. Amma ba kirkinsa Tela ke dubawa ba. Katanga yake dubawa. Yana so in ya yi tari, a ji shi a gidan 'yarsa.

Wata Asabar hira ta kai kan sabuwar gadar da ake ginawa a bayan gari. Anti Nas na murna za ta huta da zagaye. Mai Kemis ya kurɓi shayi, ya ajiye kofi a hankali.

"Ai Dogo za mu gode wa, su ke haɗa ƙarafan. Dogo, da gaske ne in an gama kamfaninku zai kwashe ku can ɗaya ƙarshen ƙasar? Wani abokin aikinku ya gaya mini a shago."

Dogo ya dubi ƙasa.

Auta ta ajiye butar. "Mai Kemis, ka karya doka." Ta shige kicin, ba ta sake fitowa ba. Baƙi suka ɗauki wayoyinsu daga kwando ɗaya bayan ɗaya, ba mai kallon wani.

Kafin magariba ta tura masa saƙo.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun kafin in san ki. Sanyina, ke kika ce ba a maganar aiki. Wurinki kaɗai nake zuwa in bar shi a bakin ƙofa. Kullum sai in ce gobe zan faɗa, in na gan ki kina dariya sai in kasa."

"Dokar falo ce, Dogo. Ba dokar aure ba. Ka san Baba ba shi da kowa sai ni, ka bar ni ina ta shiri a kan abin da babu."

Ya yi ta kira, ba ta ɗauka ba.

Ta sami mahaifinta ta ce, "Baba, ka kwantar da hankalinka. Ba inda za ni." Tela ya ji daɗi, bai ɓoye ba.

Amma Asabar ta zo ba a ɗora ruwa ba. Ta gaba ma haka. Auta na dafa wa Tela abinci, tana share masa ƙyallaye, tana amsa gaisuwar Mai Kemis da ladabi. In Tela ya yi mata wasa sai ta ce, "To, Baba." Rigar da ya ɗinka mata bara ta fara yi mata yawa a kafaɗa, kuma tela ba a ɓoye masa irin wannan.

Anti Nas ta tare shi a ƙofar gida. "Tela, ka ci nasara, barka. Ga 'yarka nan a gida. Ka leƙa ka gani ko tana ciki."

Ranar Litinin ya rufe keke, ya shiga mota har bakin gadar. Ƙara kamar za ta fasa kunne, tartsatsin wuta na zubowa daga sama. Aka kira masa Dogo. Ya sauko yana cire gilashin walda, idanun nan jajur.

"Zauna," in ji Tela. "Nan ba falo ba ne. Gaya mini aikinka tun daga farko."

Dogo ya gaya masa komai, har da cewa mahaifiyarsa da ƙannensa da wannan aikin suke ci.

"Ba za ka iya zama a garin nan ba?"

"Na nema, Baba. Ban samu ba. Ba zan yi maka ƙarya ba. Ka zo mu tafi tare. Ɗinki ko'ina ana yi."

"Matata na kwance a garin nan." Tela ya miƙe yana kakkaɓe riga. "Da ka faɗi wannan tun ranar farko, da na kore ka da kujerar roba, da yau duk muna lafiya. Ka cuce ni, yaro. Ka turo manyanka."

A gida Auta ta durƙusa gabansa tana kuka. "Baba, wa zai zura maka zare? Kai da ba ka ganin kafar allura."

"Kafin a haife ki wa yake zura mini? Tashi, Mamana. Kawo mini awo."

Shi ya ɗinka kayan auren da hannunsa. Ya rufe ƙofa ya hana kowa shiga, don kada a ga yadda yake fama.

Auta ce ta fara tura wa Dogo saƙo.

"Daga yau duk abin da ke damunka, ni za ka fara gaya wa. Ko ina dariya."

"Na yi alkawari, Sanyina. Yau ƙafata ce ke ciwo, kuma ina kewarki."

Aka ɗaura aure a makon da aka buɗe gadar. Yayyenta suka zo suka cika gida. Mai Kemis ma ya zo, ya yi addu'a, ya tafi da wuri. Da aka gama loda kaya, ango da amarya suka shiga mota, hannunta cikin nasa, tana kuka tana murmushi.

Tela ya sunkuya ta taga wajen Dogo. "Ba ta faɗa in ta gaji. Kai za ka lura." Sannan ya dafa kan 'yarsa. "Allah ya yi muku albarka. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari, ya sa kada ɗayanku ya taɓa kwana da damuwa shi kaɗai. Ku tafi, rana na yi."

Kowa ya ce amin. Motar ta sha kwana.

Mutane suka watse, Tela bai shiga gida ba. Ya zauna a dakali ya juya wa ƙofar gidan baya, yana ta maimaita addu'ar a hankali, kamar yana tsoron kada ta ƙare kafin su isa.