Golan Yakasai da Ya Ƙi Sa Hannu

Mai karatu, ka taɓa ɗaukar alkawari da fatar baki kawai, ba takarda ba biro, sannan duniya ta miƙo maka abin da ya fi shi maiƙo? Yaya ka yi? Riƙe amsarka tukuna, ka biyo ni Zaitawa, gidan Alhaji Ilu mai sayar da atamfa a kasuwar Kwari.

Da hantsi ne. Baraka, autar gidan, tana tsakar gida tana tankaɗen garin tuwo, sai ga yayanta Lawal ya faɗo, ko sallama bai ƙarasa ba.

"Umma! Fito ki ji abin da surukin naki ya yi mini!"

Surukin da ake nufi shi ne Tajuddeen, wanda duk Yakasai ke kira Tajo Gola, mai tsaron gidan wani ƙaramin kulob, Ganuwa United. An sa ranarsa da Baraka bayan babbar salla. Shi kuwa Lawal ejan ne na 'yan ƙwallo, yana haɗa su da kulob ya sami lada.

"Wani babban kulob na samo masa a Legas, Umma, 'yan babbar gasar Firimiya! Gida, mota, albashi mai tsoka. Yaron nan ya dubi idona ya ce ba ya so. Wai ya yi wa Koci Usaini alkawarin ba zai tafi ba sai kakar bana ta ƙare!"

Hajiya Kulu ta fito daga kicin riƙe da ludayi. "To ko ya sa musu hannu a wata takarda ne?"

"Ko ɗigon biro! Kwantiraginsa ya ƙare tun bara. A zauren kocin suka yi magana, suka shafa fatiha, shi ke nan fa!"

"Tabɗijam!" Hajiya ta juyo kan Baraka. "Ke kuma kin yi tsuru da rariya a hannu. Alkawarin za ki dinga dafa masa da safe?"

Baraka ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga cikin garin.

Da la'asar Tajo ya zo zance, dogo, da manyan hannuwan nan nasa kamar faifai. Ta same shi a zaure, ta ƙi zama.

"Ranki ya daɗe, yau kuma jan kati aka ba ni?"

"Dalla ni ba wasa nake ba, Tajo. Me ya sa ka ƙi?"

Murmushinsa ya ɗauke. "Kin tuna lokacin da gwiwata ta goce? Kowa ya ce na gama yawo. Koci Usaini ne yake goya ni a babur ɗinsa zuwa asibitin ƙashi, ya zauna a benci har a gama gasa mini ita. Bana muna dab da hayewa Firimiya, kuma ba shi da wani gola sai ni. Ni da bakina na ce, Koci, ina nan har usur na ƙarshe. Ban ce wa Yaya Lawal ba na son Legas ba. Cewa na yi su jira ni."

"Sun ce ba sa jira. In Baba ya fasa fa?"

Ya ɗago ya dube ta. "Zan yi kuka, Baraka, fiye da ranar da aka ci ni biyar da nema. Amma wallahi ba zan iya haɗa ido da mutumin nan in ce masa ai ba mu rubuta ba."

Ta shige gida da gudu, ba don haushinsa ba, sai don kada ya ga kukanta.

Umma da Lawal suka tasa Alhaji a gaba, safe da yamma, har ya gaji. Ranar Laraba bayan ya dawo daga kasuwa ya sa aka kira kowa falonsa.

"Ni ba zan ba da 'yata ga wanda arziki ke binsa yana gudu ba," in ji shi. "Ko ya sa hannu kafin Juma'a, ko a mayar musu da kayan sa ranarsu."

Baraka ta durƙusa. Tun da aka haife ta ba ta taɓa mayar wa mahaifinta magana ba.

"Baba, don Allah in yi tambaya?"

"Ke, tashi ki ba mutane wuri!" Lawal ya daka mata tsawa.

"Ƙyale ta. Ina jin ki, auta."

"Baba, ranar da kawunnan Tajo suka zo neman aurena, wace takarda kuka sa wa hannu?"

Alhaji ya yi 'yar dariya. "Takarda a neman aure? Na ce na ba su, suka ce sun karɓa, aka raba goro aka shafa fatiha."

"To Baba, abin da ke tsakaninsa da kocinsa ke nan. In ya tsallake waccan fatihar saboda mota, me zai hana shi tsallake tawa ranar da ya ga wadda ta fi ni? Kuma in aka mayar da kayan nan, mu ma..." Sai kuka ya ƙwace mata, ta kasa ƙarasawa.

Alhaji Ilu, wanda tun yana saurayi yake sallama dilar atamfa da kalma ɗaya ta baki, ya cire hularsa ya daɗe yana juya ta a hannu.

"Kayan nan ba inda za su," ya ce a hankali. "Mu ga ƙarshen kakar."

Kada ka zaci daga nan komai ya yi daɗi. Mutanen Legas suka yi shiru. Lawal ya daina amsa gaisuwarta. A gidan biki ƙawaye na zunɗen ta, wai ga matar golan da ya kama ƙwallo ya saki arziki. Ita dai ta riƙe sallarta, ta riƙe bakinta.

Ranar wasan ƙarshe, canjaras kawai Ganuwa ke nema ta haye. Abin mamaki, sai ga Alhaji ya zuba babbar riga ya ce wa Lawal ya kai shi filin wasa na Ƙofar Mata, shi da bai san bambancin kwana da fenariti ba! Baraka kuwa ta ƙwaƙume rediyo a tsakar gida, Umma na gefe tana tsinke zogale, wai ita ba ruwanta.

Ana dab da tashi, ba ci, sai alƙalin wasa ya ba abokan karawa fenariti.

"Innalillahi!" Umma ta yi wurgi da tiren zogale. "Ke, ƙaro murya mana!"

Mai sharhi ya ja numfashi. "Ya taho... ya buga... Ya kama! Tajo ya kama! Jama'a, Ganuwa ta haye Firimiya!"

Guɗar da ta tashi a gidan nan har maƙwabta sai da suka leƙo. Kuma ba Baraka ce ta rangaɗa ta ba, Hajiya Kulu ce!

Kafin magariba Alhaji ya dawo, hula a karkace, murya a dishe, Lawal na biye da shi yana sosa ƙeya.

"Auta, albishirinki! Ana tashi kocin nan ya riƙo hannun yaron a gabana ya ce, ka cika, na sallame ka. Ashe manajan kulob ɗin Legas yana cikin 'yan kallo. Lawal, faɗa mata abin da ya ce."

Lawal ya yi murmushin kunya. "Cewa ya yi 'yan wasa da yawa sun sa masa hannu sun gudu a tsakiyar kaka. Wanda ya tsaya ba takarda, shi yake nema. Ki yafe ni, ƙanwata."

Wannan karon Tajo ya karanta kwantiragin Legas ɗin layi-layi tare da lauya, ya sa hannu da yardar kocinsa. Bayan salla aka ɗaura aure a Zaitawa, Koci Usaini ne ma ya karɓa masa. Da wani ya tsokani Alhaji ko za a kawo biro, sai ya ce, "Wannan angon bakinsa ya isa!"

Takarda tana da amfaninta, amma ba ita ke riƙe mutum ba. Wanda ya cika wa wani, shi zai cika maka. Yanzu sai ka ba ni amsar tambayata. In akwai wanda ka ce wa "ina nan" kuma har yau yana zuba ido, ajiye labarin nan, ka nemo shi, ka cika masa tun yau.