Hayaƙi a Gidan Mai Gwal

"Kwanta! Kwanta, na ce!"

Mai Gwal bai gane ba da farko. Yana tsaye a ɗakin barcinsa, yana nuna wa masu feshi inda gara ta cinye ƙasan kabad, sai ya ga dogon cikinsu ya zuge jakar kayan aiki ya zaro bindiga. Su uku ne, kowa da doguwar rigar aiki da takunkumi a fuska. Ɗaya kaɗai ya sani a cikinsu.

"Mai Feshi, mene ne haka? Su wa ka kawo min gida?"

Mai Feshi ya kafa ido a kan tayil.

"Ba da shi kake magana ba, da ni kake," in ji dogon. Kunama ake ce masa, shi ne shugabansu. "Ina akwatin ƙarfen? Kada ka ce babu, an gane mana shi."

Mai Gwal ya durƙusa a hankali, yana riƙe da gefen gado. Har lokacin idonsa yana kan Mai Feshi.

Aikin feshi aiki ne na amana. Mai feshi yana shiga ɗakin da ƙanen miji ba ya shiga. Yana ɗaga katifa, ya buɗe kabad, ya leƙa bayan madubi, don a nan kuɗin cizo da kyankyasai suke kwana. Kafin ya fara, sai an rufe abinci, an kwashe yara, mutanen gida sun fita. Maƙwabta kuma idan suka ga mutane da takunkumi suna shiga gida da manyan jakunkuna, ba sa tambaya, sai dai su rufe tagoginsu. Shekara da shekaru Mai Feshi yana wannan aiki, ko cokali bai taɓa ɓata a gidan da ya shiga ba. Abin da Kunama ya hango ke nan.

Ranar da aka ƙulla maganar, da la'asar ne, a shagon Mai Feshi, tsakanin jarkokin magani da tarkunan ɓera. Ƙanensa, wanda ake kira Gyare saboda surutu, shi ya shigo da Kunama. Gyare ya daɗe da barin gida ya bi 'yan fashi, kuma ba inda yayan bai bi ba don ya dawo da shi.

"Yaya, na gaji da harkar nan," in ji Gyare, kansa a ƙasa. "Oga ya ce zai sallame ni."

"To ya sallame ka mana."

Kunama ya yi dariya, ya zauna a kan jarka. "Malam, wannan ba makaranta ba ce da ake tashi idan an kaɗa ƙararrawa. Ƙanenka ya san gidana, ya san yarana. Ka ba ni gida ɗaya, in ba ka shi."

"Sauka daga kan jarkar nan, guba ce."

"Ni ma ita ce." Bai sauka ba. "Mai Gwal ya kira ka feshi, ko ba haka ba? Mu shiga a matsayin yaranka. In mun gama sai mu ɗaure ka tare da shi. Ka ce a hanya muka tare ka da bindiga. Wa zai zarge ka?"

Mai Feshi ya dubi ƙanensa, ya ga yadda ya rame, ya ga tabon wuƙa a wuyansa.

"Ba harbi," ya ce. "Ba duka. Kuma ba mai taɓa maganina."

"An gama."

"In an yi, Gyare ya dawo shagon nan."

"Ka ɗauka ya dawo."

Gyare ya kama hannun yayansa da hannu biyu. "Allah ya bar zumunci, Yaya."

Yanzu ga su a ɗakin Mai Gwal. An buɗe akwatin ƙarfen. Gyare yana kwasar sarƙoƙi da awarwaro yana zubawa a jakar da ake saka bututun feshi, hannunsa ko rawa ba ya yi. Mai Gwal yana kwance rubda ciki, numfashinsa yana fita da ƙara.

"Yana da asma," in ji Mai Feshi. "Ku bari ya zauna."

"Likita ne kai?" Kunama ya juya ga Gyare. "Igiya!"

"Ba mu zo da ita ba, Oga."

"Shashasha! Je mota ka duba."

Motar aikin Mai Feshi ƙaramar bas ce, an cire kujerun baya. Tana tsaye a harabar gidan, direbansu yana ciki yana taunar tsinke. Gyare ya buɗe baya, ya ga igiyar da ta ɗaure jarkoki da tankin feshi a jikin ƙarfen motar. Ya kwance ta da sauri, ya koma ciki.

Suka ɗaure su baya da baya, Mai Gwal da Mai Feshi, a ƙafar gado. Kunama ya cire wa Mai Feshi takunkumi ya jefar.

"Don abin ya yi kama da gaske," ya ce.

Gyare ya ja ƙullin har igiyar ta shiga nama.

"A hankali mana," Mai Feshi ya yi masa raɗa.

Gyare bai dube shi ba. Suka fita, suka ja ƙofa.

Shiru. Sai takun sawu a falo. Sai wata ƙaramar ƙara — ƙyas! — ƙarar ashana. Sai wani huci mai kama da na maciji.

Mai Feshi ya san wannan hucin. Gwangwanin hayaƙi ne, irin wanda ake kunna wa gidan da ƙwari suka ci ƙarfinsa, a rufe shi ruf, kowa ya yi nesa har sai an buɗe tagogi iska ta wanke shi. Ba a kunna shi ko kyanwa tana ciki.

"A'a! Kai! Akwai mutane! Gyare!"

Farin hayaƙi ya fara shigowa ta ƙarƙashin ƙofa.

A bakin gida maigadi yana zaune a kan bencinsa, rediyo a kunne. Uwargidan ta buga masa waya daga gidan 'yar'uwarta, inda ta kai yara.

"Baba, sun gama? Maigidan ya bar maganinsa na shaƙa a jakata."

"Ga su nan fitowa, uwar ɗakina. Zan gaya masa."

Motar ta tsaya a gabansa. Kunama ya leƙo, takunkumi a fuska.

"Baba, buɗe. Mun kunna hayaƙi. Kada kowa ya kusanci gidan nan sai gobe, in ba haka ba gawarsa za a ɗauko."

Maigadi ya miƙe, ya kama sakata. Sai ya tsaya.

"Ina maigidan?"

"Ya fita ta baya."

"Gidan nan ba shi da ƙofar baya, ɗana. Ina Mai Feshin kuma?"

"Buɗe, tsoho!"

"Ba zan buɗe ba sai na ga —"

Tau!

Harsashin ya sami ƙarfen ƙofa. Maigadi ya faɗi kan bencinsa. Gyare ya diro, ya zare sakatar, ya wangale ƙofa, ya faɗa mota.

"Mu fece! Taka ta!"

Motar ta fita da gudu. Mai kanti na tsallaken titi ya riga ya ɗaga waya.

A cikin gida, Mai Feshi yana jan gadon gaba ɗaya da bayansa, taku taku, zuwa taga. Idanunsa suna zubar da ruwa. Mai Gwal ya yi nauyi a bayansa.

"Ranka ya daɗe, kada ka ja numfashi da ƙarfi. Sa hancinka a kafaɗa. Ka ji ni?"

"Kai... ka kawo su..."

"Ni ne. Sa hancinka a kafaɗa!"

Ya ɗaga ƙafa ya daki gilashin. Bai fashe ba. Ya sake. Ya sake. Daga waje wani ya kawo wa gilashin duka da bulo — tartsatsa! Maigadi ne, da maƙwabta a bayansa, sun ɗaure hanci da riguna.

Sufeton 'yan sanda yana sintiri kusa da shataletale lokacin da oba-oba ta yi magana: farar bas, an zana kyankyaso a jikinta, mutum uku da makamai.

"Ga ta can, Yallaɓai!" in ji direbansa.

"Bi ta. Kada ka matse su, akwai jama'a."

A cikin bas ɗin zafi ya ishe su. Suka tuɓe takunkumi, suka jefar.

"Ɗaga gilashi!" in ji Kunama. "So kake duk gari ya haddace fuskarmu?"

Direba ya ɗaga. Mai feshi ba ya tuƙa motarsa da gilashi a rufe, ko ruwan sama ake yi, kuma ba ya motsa ta sai kayansa suna ɗaure. Su ba su san wannan ba. Gyare ya taɓa sani, amma hankalinsa yana kan jakar da ke cinyarsa.

Direba ya sha kwana da ƙarfi. A baya wani abu ya kife. Tankin feshi ya faɗa kan jarka, murfinta ya yi tsalle. Maganin da ba a sirka ba ya malalo ƙarƙashin kujeru.

"Warin me nake ji?"

"Tuƙa, dalla!"

Jiniya ta tashi a bayansu. Kunama ya juya da bindiga, amma ya kasa ganin komai. Idanunsa sun cika da ruwa, yawu yana zuba daga bakinsa. Gyare ya fara tari.

"Oga, maganin ne! Sauke gilashi!"

"In ka sauke sai na fasa kanka! Suna gefenmu!"

"Ba na gani!" Direba ya yi ihu. "Wallahi ba na ganin titi!"

"Dama! Dama!"

Motar ta hau gefen titi, ta daki turken wutar lantarki — gwaram! — ta wuntsila cikin kwata. Tayoyinta suka ci gaba da juyawa a sama.

Sufeto ya iso da bindiga a hannu, warin ya mayar da shi baya.

"Kowa ya matsa! A kira motar asibiti!"

Kunama kaɗai aka ciro da rai.

Mai Gwal ma bai kai asibiti ba. A motar maƙwabcinsa ya cika, kansa a cinyar maigadi.

Mai Feshi ya farka a gadon asibiti, hannunsa ɗaya da ankwa a jikin ƙarfe. Tun ba a tambaye shi ba, ya faɗa wa Sufeto komai. Da ya gama, ya ce, "Ƙanena fa?"

Sufeto ya cire hularsa. Mai Feshi ya juya fuska ga bango.

A gadon da ke gefe, Kunama yana kwance, an naɗe ƙafafunsa biyu. Ya jira har Sufeto ya fita.

"Malam, kana kuka ne?"

"Ka yi min alkawari," in ji Mai Feshi, muryarsa a dishe. "Ka ce ba mai taɓa maganina. Ka ce za ka ba ni shi."

"Na ce."

"Ka sa shi ya tsaya yana kallo ka kunna min wuta."

Kunama ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Ni? Ni na san akwai wani gwangwani da ake kunna wa ashana? Ni ɗan fashi ne, ba mai kashe kyankyaso ba."

"Ƙarya kake."

"Shi ya ɗauko shi daga shagonka ranar da muka zo. Ya ce, 'Oga, Yayana ba ya iya ƙarya. Ɗan sanda na tambayarsa sau ɗaya zai zazzage komai.' Kuma ka ga bai yi kuskure ba."

"Ya ce ya gaji. Ya ce zai bari."

"Wa? Gyare?" Kunama ya gyara kwanciya. "Ni ban taɓa riƙe shi ba, malam. Shi ya kawo min aikin nan da ƙafarsa. Ya ce yayansa yana da mabuɗin duk gidajen masu hali."

Mai Feshi ya rufe ido. Ma'aikaciyar jinya ta shigo ta duba ruwan da ake ƙara masa, ta tambaye shi ko wani wuri yana ciwo. Ya girgiza kai.

Kotu ba ta ɓata lokaci ba. Kunama ya sami hukuncinsa, Mai Feshi ya sami ɗaurin da zai ci ƙuruciyar 'ya'yansa. Matar Mai Gwal ta sayar da gidan, ta ce ba za ta iya shaƙar iskarsa ba. Maigadi ya koma wajen 'yarsa da kunne ɗaya a toshe. Shagon feshi kuwa an rufe shi, matar Mai Feshi ta kwashe yara ta koma gidan iyayenta, domin a makaranta ana nuna su da baki. Sauran masu feshi na unguwar ma abin ya shafe su. Sun daɗe suna ƙwanƙwasa ƙofofi ana amsa musu ta taga.

Mahaifiyar Mai Feshi ta zo gidan yari sau ɗaya. Ta zauna a bayan ragar waya, ta daɗe tana kallonsa.

"An ce ƙanenka ya so ya koma ya kwance ka," ta ce. "An ce su suka hana shi da bindiga. Haka ne?"

Mai Feshi ya dubi hannayenta, sun tsufa fiye da yadda ya bar su.

"Haka ne, Inna," ya ce.

Ta gyaɗa kai, ta share ido da gefen mayafi. "Na sani. Ɗan nan ba mugu ba ne. Kai ne babba, kai ya kamata ka hana shi."

Gandiroba ya buga sanda a ƙofa, lokaci ya yi. Ta tashi da ƙyar, ta tafi ba ta waiga ba.